Ana raɗin suna, ana wasa gatari: muhawara kan kurmin Ebo

Malam Sani (Duwala):
Assalamu alaikum jama'a. Akwai maganar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, na ce bari in kawo ta nan, tunda a cikinmu akwai masu karatun itace da dabbobi, akwai kuma 'yan katako da direbobi.

Arewa maso gabas da Duwala, inda nake zaune, akwai kurmin da ake kira Ebo. Yana tsakanin garin Yabassi da kogin Sanaga, faɗinsa ya kusa murabba'in kilomita 1,500. Ba wani nisa gare shi da birni ba, duwatsu da kwazazzabai da rashin hanya ne suka kare shi tsawon zamani. A 2002 masu bincike suka tabbatar akwai gorila a cikinsa, manyan goggon birin nan. Abin da ya ɗaure musu kai shi ne, gorilar da aka sani a Kamaru iri biyu ne: na kudancin kogin Sanaga, da na Kuros Riba da ke kan iyakar Najeriya. Su na Ebo suna tsakiya a ware, kogi ya raba su da na kudu, tafiyar kusan kilomita 200 ta raba su da na iyaka. Yawansu kuma bai wuce 25 ba a ƙiyasin masu bin sawunsu.

A watan Janairun 2022 masanan lambun Kew da ke Landan, tare da na ma'ajiyar tsirrai ta Kamaru, suka bayyana wani itace da ba a taɓa rubuta shi a littafin kimiyya ba. Tsawonsa kamar mita 4, furanninsa rawaya-rawaya masu sheƙi, kuma a jikin kututturen suke fitowa, ba a reshe ba. Suka raɗa masa suna Uvariopsis dicaprio. A Ebo kaɗai aka gan shi, guda nawa ne ma, ba su kai 50 ba.

To ga inda raina yake ɓaci. A 2020 gwamnati ta ware hekta 68,385 na wannan kurmi domin a sare katako. Aka yi ca a kai ciki da waje, a watan Agusta Shugaba Paul Biya ya ba da umarnin a janye. Kowa ya yi hamdala. Ashe tsugune ba ta ƙare ba: a Afrilun 2023 aka sake fitar da dokar, wannan karon yanki biyu, na farkon nan da wani mai hekta 65,007. Wato shekara ɗaya da 'yan watanni bayan an raɗa wa itacen suna, an miƙa gidansa ga masu zarto.

Tambayata: wa ke da gaskiya a nan, kuma me ya kamata a yi da kurmi irin wannan?

Alhaji Ɗanjuma Mai Katako (Kano):
Wa alaikumus salam. Malam Sani, na ji bayaninka, amma bari in yi magana da bakin masu sana'a. Shekarata 31 ina sayar da katako a Na'ibawa. Rufin ɗakin da kake kwana, ƙyauren ƙofarka, bencin da yara ke zama a Islamiyya, makarar da za a ɗauke mu, duk katako ne. Babu wanda ya taɓa tsiro a shago. Daga kurmi yake zuwa.

Sannan a daina haɗa mai katako da mai share daji. Kamfanin katako ba aske kurmi yake yi ba. Zaɓa yake. Yana neman iroko, ko mahogani, ko obece da ya kai kauri, sauran ya bar su a tsaye, don ɗaukar itacen da ba a saye asara ce gare shi. Wanda ke mayar da kurmi fili shi ne mai gonar kwakwar manja da mai gonar koko. Kada a ɗora wa zarto laifin fartanya.

Hauwa'u Zariya:
Baba Alhaji, rabin maganarka gaskiya ce, kuma malamanmu ma haka suke koyarwa. A kurmin Afirka ta Tsakiya, galibi itace ɗaya ko biyu ake cirewa a kowace hekta. Wanda ya bi ta sama a jirgi zai ga ko'ina kore shar, ya ce babu abin da ya faru.

Amma da izininka, ba a nan gizo ke saƙa ba. Na farko, itacen da ya yi mita 40 ba shi kaɗai yake faɗuwa ba. Kuranga ta ɗaure shi da maƙwabtansa, in ya tafi sai ya ja su, ya kuma murƙushe na ƙasa. Itace irin wanda Malam Sani ya ambata, mai mita 4, da ke rayuwa a inuwar manya, shi ne farkon wanda ake takewa, kuma babu wanda zai lura. Na biyu, kuma shi ne babba: gungumen ba ya fita da ƙafarsa. Sai an yanka masa hanya. Hanyar nan ita ce ajalin kurmi, ba zarton ba.

Yakubu Direba (Bartuwa):
Wallahi ƙanwata ta faɗi abin da idona ya gani. Na yi shekara 9 ina jan tirelar gungume daga gabashin Kamaru zuwa tashar jirgin ruwa ta Duwala kafin in koma ɗaukar siminti.

Akwai wata hanya da aka buɗe a gabana. Shekarar farko in za mu shiga da asuba, birai ne ke tsallakawa ta kan rassa, kashin giwa a tsakiyar hanya da ɗuminsa, aku kuwa sai ka toshe kunne. Mu kaɗai ke shiga. Shekara ta biyu sai ga bukkoki a gefen hanya. Maharba ne. Da can mutum sai ya yi kwana uku a ƙafa kafin ya kai wurin, kuma abin da kansa zai ɗauka kaɗai zai fito da shi. Yanzu babur ke kai shi cikin awa biyu. Tarkon waya suke kafawa, ɗari-ɗari, wayar birkin babur ce ake warwarewa. Tarko kuwa ba ya tambayar sunan dabba. Na ga goggon biri mai dungulmin hannu da idona.

Kuma ba zan ɓoye ba, motocinmu ne ke fitar da naman. A tsayar da kai, a ɗora buhu biyu na ƙyafaffen nama a bayan kan mota, a ba yaron mota wani abu. Duk wanda ya yi wannan hanya ya san haka. Shekara ta huɗu aka fara gonar ayaba da rogo a bakin hanyar. Ranar da na yi zuwan ƙarshe, kurmin yana nan a tsaye ta ciki, amma shiru kake ji. Shirun nan ya fi komai tsaya mini a rai.

Hajiya Binta:
Ni tambaya gare ni, ku yi haƙuri in na katse ku. Kalmar nan "an gano" ita ce ban gane ba. Mutanen da ke zaune a gefen kurmin tun kaka da kakanni ba su san akwai goggon biri a bayan gidansu ba sai da baƙo ya zo a 2002?

Hauwa'u Zariya:
Hajiya, sun sani sarai. Maharban wurin sun san su tun kafin a haifi masu binciken, kuma su ne ke nuna hanya da shimfiɗar ganyen da gorila ke kwana a kai. In aka ce an gano, ana nufin an shigar da abu cikin rajistar kimiyya ta duniya, da siffarsa da wurin zamansa da sunan da kowa zai kira shi da shi.

Akwai misalin da nake so ƙwarai. A 2007, a garin Opala na ƙasar Kwango, masu bincike suka ga wani ɗan biri ɗaure a gidan shugaban makarantar firamare, 'yarsa ke kiwon sa. Fuskarsa ba ta yi kama da kowane biri da ke littafi ba. Da suka tambaya, mutanen gari suka ce ai lesula ne, sunan da suke kiran sa ke nan. Sai 2012 aka kammala bincike aka bayyana shi a matsayin sabon nau'i. Kin ga sabo ne a littafi, tsoho ne a daji.

Amfanin rajistar shi ne, abin da ba shi da suna ba a iya saka shi a jerin halittun da ke bakin ƙarewa, ba a iya kai ƙara a kansa, ba a iya ce wa gwamnati ga abin da za ki hallaka. Kurmin da lesula ke ciki ya zama gandun ƙasa na Lomami a 2016, kuma gano shi yana cikin abin da ya ƙarfafa hujjar.

Wani abin da zai ba ki sha'awa a matsayinki ta mai girki: itacen nan na Ebo dangi ɗaya ne da gwandar daji da kuma kimbar da kike sa wa a yaji da kunu. Gida ɗaya suka fito. Ba wani baƙon abu ba ne daga wata duniya.

Hajiya Binta:
Ikon Allah! Ɗan'uwan kimba ne ashe. To yanzu na ji shi a jikina.

Isiyaku Maraɗi:
Ni dai ban gamsu ba. Ku duba sunan ma: itace a ƙasar Kamaru, an rasa wanda za a raɗa masa sunansa sai ɗan wasan fim na Amurka. Wannan kaɗai ya nuna maka don wa ake yin abin. Turawa sun sare dazuzzukansu kaf, sun yi jiragen ruwa da layin dogo, sun yi arziki, yanzu sun dawo suna ce wa talakan Afirka kar ka taɓa naka saboda biri 25. Matar da naƙuda ta kama a ƙauyen da babu hanya, a ɗauko ta a kan ƙyaure a yi tafiyar wuni, wa ke rubuta sunanta a littafi? Ku kuna cewa hanya ajalin kurmi ce. Rashin hanya kuma ajalin mutum ne.

Malam Sani (Duwala):
Malam Isiyaku, maganar matar nan ba abin da za a kawar da kai ba ne, kuma ita ce ta raba kan mutanen wurin su kansu. Bari in ba ka tarihin, don shi ne zuciyar rikicin.

Kurmin Ebo ba fili ne marar mai shi ba. Ƙasar ƙabilar Banen ce, al'ummomi fiye da 40 ke danganta kansu da shi. A ƙarshen shekarun 1950 zuwa farkon 1960, lokacin yaƙin da aka yi da 'yan gwagwarmayar UPC, jam'iyyar da ta yi fafutukar 'yancin Kamaru, aka tashe su daga ƙauyukansu na cikin kurmin aka mayar da su bakin hanya da garuruwa. Da yawansu a nan Duwala suka ƙare. Kaburburan iyayensu na can ciki, tsofaffin gonakin kokonsu na can. Wato wani ɓangare na abin da baƙo ke gani ya ce daji ne da ba a taɓa shiga ba, kufai ne da itace ya rufe.

Burin dattawansu shekara 60 shi ne su koma gida. Tun 2006 ake maganar mayar da Ebo gandun ƙasa, wasu Banen ba su so ba, don suna ganin in an yi haka an rufe musu ƙofar komawa. Da aka zo da maganar katako a 2020, sarakunansu da yawa suka ƙi, don ba a shawarce su ba. Wasu kuma suka ce a kawo, in dai za a yi hanya. A 2022 ma an fara yanka hanya daga kudancin kurmin da sunan raya ƙauyuka. To ka ga an sa mutum a tsakanin abu biyu, kowanne ya ɗauka ƙasar ba ta dawo hannunsa ba.

Dalili kuwa doka ce. Dokar ƙasa ta Kamaru ta 1974 ta ce duk filin da ba shi da takardar mallaka yana ƙarƙashin kulawar hukuma. Wane ƙauye ne a tsakiyar kurmi ke da takarda? Shi ya sa ake iya zama a Yawunde a zana layi a taswira a ce daga nan zuwa nan na katako ne.

Game da suna, masanan sun ce sun yi ne don Leonardo DiCaprio ya yi amfani da shafukansa a 2020 wajen yayata kiran a janye dokar. Ni ma da an tambaye ni da sunan Banen zan zaɓa. Amma akwai tsirrai da dama da aka gano a can da ke ɗauke da sunan kurmin kansa, irin su Palisota ebo da Kupeantha ebo. Kuma ɗaya daga cikin waɗanda suka fi daɗewa suna aikin birai a Ebo ɗan Kamaru ne, Dakta Ekwoge Abwe, wanda ya samu lambar yabo ta Whitley a 2013. Shi da abokan aikinsa suka kafa ƙungiyoyin abokan gorila a ƙauyukan gefen kurmin, mutanen gari ne ke shiga suna duba sawu. Ba aikin Bature kaɗai ba ne.

Isiyaku Maraɗi:
Na karɓi gyara a kan wannan. Amma tambayata tana nan: hanya ko babu hanya?

Malam Sani (Duwala):
Hanya, amma wace iri? Hanyar da aka yi don mutane tana bin inda ƙauyuka suke, tana kai wa asibiti da kasuwa, kuma hukuma na gyara ta. Hanyar katako inda manyan itatuwa suke take bi. Yakubu na nan, ya faɗa mana abin da ke faruwa da ita in an gama kwashe itacen.

Yakubu Direba (Bartuwa):
Damina biyu ta ishe ta. Gadojin da gungume ake yin su, in kamfani ya tashi babu mai gyarawa, sai su rufta. Mota ba ta ƙara shiga. Babur ɗin maharbi ne kawai ke iya bi, don shi ko a kan itace guda zai tsallaka. Mai naƙuda tana nan inda take.

Malam Buba (Gembu):
Jama'a, ina karanta ku tun ɗazu, zuciyata tana Taraba. Wanda ke ganin maganar Ebo ta Kamaru ce kaɗai, ya tuna ban da gorila akwai wani irin goggon biri a can, wanda ake kira cimfanzin Najeriya da Kamaru, kuma shi ne dai wanda ke gandun Gashaka Gumti da kurmin Ngel Nyaki a nan kan dutsen Mambila. Iri ɗaya ne, kuma shi ne mafi ƙaranci a cikin cimfanzi huɗu na duniya. Ebo na da kusan 700, yana cikin manyan matattararsu da suka rage.

Mu kuma mun ɗanɗana abin da ake kira kasuwar itace in ta buɗe baki. Wajen 2014 zuwa 2017 aka yi mana zazzaɓin madobiya, wadda 'yan kasuwa suka laƙaba wa suna madrid. A ƙasar Sin ake yin kujerun alfarma da ita. Wanda ya bi ta Garba Chede a lokacin ya ga gungume jibge kamar duwatsu, tireloli a layi. Samari suka bar gona da makaranta suka bi injin yankan itace. Kuɗi sun shigo, ban musa ba, an sayi babura, an yi aure. Cikin 'yan shekaru manyan suka ƙare, aka koma kan ƙanana, aka fara kutsawa gefen gandun. Madobiya kuwa ita ce makiyayi ke sassabe wa shanu ganyenta a ƙarshen rani in ciyawa ta ƙare. A 2017 aka saka ta cikin yarjejeniyar CITES ta cinikin halittun da ke cikin haɗari, a 2018 aka dakatar da fitar da ita daga Najeriya. Amma kafin takarda ta iso, dajin ya riga ya tafi. Yau ka je ka tambayi waɗancan samarin me ya rage a hannunsu.

Alhaji Ɗanjuma Mai Katako (Kano):
Malam Buba, wannan ta'asa kam na sani, kuma ba mu muka ci ba. Madobiya ba ta zo Na'ibawa ba, kwantena aka cusa ta aka yi Legas da ita. Irin wannan ciniki mu ma cutar da mu yake. Gungume ya fita ɗanye, ba a tsaga shi a nan ba, kafintanmu bai taɓa shi ba, mai injin tsaga bai samu aiki ba. Gabon ta hana fitar da ɗanyen gungume tun 2010, dole a sarrafa a gida. Ƙasashen yankin sun ce su ma za su yi daga 2022, aka yi ta ɗagawa.

Kuma tunda gaskiya ake faɗa, ni ma ina ganin canji a shagona. Lokacin da na fara, falankin iroko mai faɗin inci 24 ba abin mamaki ba ne. Yau in ka samu mai 12 busasshe ka gode Allah. Yawancin abin da muke sayarwa yanzu malaina ce da itacen da bai nuna ba, ka kafa shi yau, baɗi ya karkace. Kurmin kudancin Najeriya da ya ciyar da mu ya ƙare a idonmu. Don haka ban ce a sare babu lissafi ba. Abin da na ce, a sare da tsari. A Kamaru doka ta ce a raba yanki kashi 30, kowace shekara a shiga kashi ɗaya, kafin a zagayo ya farfaɗo. In an bi wannan, mene ne laifi?

Hauwa'u Zariya:
Baba, a wani kurmin zan yarda da kai. Ba kowane daji ne za a kulle ba, kuma kurmin katako da ake tsare ƙofarsa ya fi gonar manja sau dubu. Amma Ebo ba ya cikin waɗanda za su jure, ga lissafin.

Macen gorila ba ta fara haihuwa sai ta kai shekara 10 ko kusa da haka, kuma ɗa ɗaya take haifa duk bayan shekara 4 zuwa 5. A cikin 25, cire maza da yara da tsofaffi, mata nawa ne masu haihuwa? In tarko ya kama biyu a shekara, haihuwa ba za ta taɓa cike gurbin ba. Kuma babu wasu a kusa da za su shigo su ƙara yawa. Zagayen shekara 30 an yi shi ne don itace, shi ma azobe, jan itacen nan mai nauyi da ake nema a yankin Duwala don gadoji da tashoshin ruwa a Turai, ba ya mayar da kaurinsa a shekara 30.

Sai cimfanzin wurin. A 2006 Bethan Morgan da Ekwoge Abwe suka ba da rahoton cewa na Ebo suna ɗaukar dutse su fasa ƙwallon itace mai taurin ɓawo. Kafin nan an ɗauka sai na yammacin kogin Sasandara a Kodebuwa ne kaɗai suka iya, nisan kilomita 1,700. Kuma suna zura tsinke a shuri su ciro gara. Wannan ba a haihuwar biri da shi, a wurin uwa yake koya, shekara da shekaru yana kallo. In aka tarwatsa garken, ko da wasu sun tsira a wani wuri, sanin ya tafi.

Ustaz Nura:
Abin da 'yarmu Hauwa'u ta faɗa ya tuna mini aya ta 38 a Suratul An'am, inda Allah Yake cewa babu wata dabba a bayan ƙasa, ko tsuntsu mai tashi da fukafukansa, face al'ummomi ne irinku. An halatta mana amfani da itace da dabba, Alhaji bai yi laifi ba da sana'arsa. Abin da ba a ba mu ba shi ne mu shafe al'umma guda daga doron ƙasa. Yanka rago daban, ƙarar da irin tumaki daban.

Isiyaku Maraɗi:
Na ji, Ustaz. To wa zai biya? In an ce wa Banen kar a sare, me za su ci? Wa'azi ba ya gina asibiti.

Malam Buba (Gembu):
Akwai inda aka gwada a Najeriya. Duwatsun Mbe a jihar Kuros Riba ba gandun gwamnati ba ne, ƙauyuka 9 ne suka haɗu suke riƙe da shi, 'ya'yansu ne masu gadi, ana biyan su albashi da tallafin ƙungiyar kare namun daji ta WCS. A 2020 kyamarar da aka ɗaure a itace ta ɗauko garken gorila da jarirai a bayan uwayensu, irin da duk duniya ba su wuce 300 ba. Ban ce mutanen Mbe sun yi arziki ba. Amma dajin nasu ne, suna shiga su ɗebo abin da suka saba ɗiba, kuma babu wanda ya zana layi a kansu daga nesa. A jihar dai, da aka tashi yin babbar hanya mai kilomita 260 a 2015 aka ce an karɓe kilomita 10 hagu da dama, mutanen ƙauyukan kurmin Ekuri ne suka tsaya kai da fata har aka janye maganar karɓe filin a 2017. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, in dai an bar masa ɗakin.

Hajiya Binta:
Wata tambayar kuma. Ana cewa sare kurmin kudu yana rage mana ruwan sama a arewa. Haka ne?

Hauwa'u Zariya:
Iskar damina daga teku take tasowa, ta ratsa ta kan kurmi kafin ta iso mu. Itatuwa na zuƙo ruwa daga ƙasa su fitar da shi ta ganye, iskar ta ƙara ɗaukar laima ta yi gaba. Don haka akwai alaƙa, Hajiya, sai dai zafin ruwan teku ma na da babban hannu a daminarmu. Ebo shi kaɗai ba zai hana ruwa a Kano ba. Hujjar kare shi tana cikinsa.

Malam Sani (Duwala):
Na gode muku duka. Ni ga inda na tsaya. A ƙarshen 2024 ƙungiyar kare namun daji ta duniya, WWF, ta fitar da rahoto cewa tsakanin 2013 da 2023 an bayyana sabbin nau'o'in halitta 742 a kurmin yankin Kwango, 430 daga ciki tsirrai ne. Wato har yanzu ƙirga ake yi, ba a gama sanin abin da ke ciki ba. A Ebo kuwa wurare da yawa masanin tsirrai bai taɓa taka su ba. Ga giwar kurmi, ga birin diril, ga jan birin Preuss, ga ƙaton kwaɗon nan da ke haura kilo 3. Ba na ganin daidai ne a sayar da rumbu kafin a leƙa cikinsa.

Amma ba na goyon bayan a kulle shi a kori masu shi, don an riga an kore su sau ɗaya. Abin da sarakunan Banen da masu bincike suka nema tun 2020 shi ne a zauna da kowa a tsara amfanin ƙasar: ina za a koma a zauna, ina za a yi gona, ina ne ba za a taɓa ba, hanya ta ina za ta bi. Wannan zaman ne ya kamata ya riga dokar katako, sai aka sa doka a gaba.

Alhaji Ɗanjuma Mai Katako (Kano):
A kan zaman nan muna tare, Malam Sani. Inda gorilar suke kam a bar shi, ko ni aka ba kyauta ba zan shiga ba. Amma gefen da ya riga ya zama tsohuwar gona, in masu ƙasar da kansu suka ce za su yanka su tsaga su sayar, ban ga mai hana su ba. Dokar 1994 ta Kamaru ai ta yarda da kurmin al'umma, ko ba haka ba?

Malam Sani (Duwala):
Ta yarda, Alhaji, kafin a sauya ta a 2024, amma a ƙarƙashinta ba ya wuce hekta 5,000 ga al'umma guda, kuma aro ne na shekara 25, ba mallaka ba. Kwatanta da 68,385 da aka ba da a takarda ɗaya.

Yakubu Direba (Bartuwa):
In ma an ƙi ji an shiga, abu biyu zan roƙa, don na ga inda aka yi su suka yi aiki. A sa shinge a bakin hanya dare da rana, a binciki kowace mota har tawa, duk direban da aka kama da nama a sallame shi. Sannan kamfani ya kawo wa leburorinsa kifi da naman shanu a sansani da araha, don mutum 300 a tsakiyar daji in ba a ciyar da su ba, dajin za su ci. Ranar da aka gama da yanki kuma a karya gadar, a tona rami a bakin hanyar.

Malam Sani, mako mai zuwa ina da lodin siminti zuwa Edeya. Akwai abokan aikina da ke jan gungume ta wannan ɓangaren, zan tambaye su daga wane yanki suke ɗaukowa yanzu da kuma ko akwai shinge a hanyar. Abin da suka faɗa mini zan kawo muku nan.

Hauwa'u Zariya:
Yaya Yakubu, don Allah ka tambaye su har da irin itacen da kaurinsa. In azobe ne kuma ƙanana sun fara fitowa, ka faɗa mana.